Inna, An Manta Ni a Kasuwar Buza

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, jikata ce ke rubuta mini wannan, idona ya daina aiki sosai.

Jiya yara suka kunna mini wani fim a waya. Mata da miji sun rabu, suka manta 'yarsu a tasha, kowa na zaton tana wajen ɗaya. Yara suna ta dariya. Ni ma na yi, sai na tuna da ke.

Kin tuna shekarar da Baba ya sake ki, lokacin Nasara na ɗibar maza aikin hanya? Kika bar Garhanga, kika koma ƙauyenku bayan Buza. Da kukana ya ishe shi, ya ɗora ni kan jakin wani mai albasa a kai miki ni. Mutumin ya rasa gidanku, ya ajiye ni wurin wata tsohuwa mai daddawa a kasuwa, ya wuce Madawa abinsa. Da ta tambaye ni sunan uwata, na ce mata Inna.

Baba yana cewa, "Ai tana wajen uwatta." Ke kina cewa ina gidan ubana. Ni ce ta fari, kunya ta hana kowannenku tambaya. Daga shuka har gero ya fid da kai ina ɓarzar kalwa, ina duba fuskar duk macen da ta wuce.

Ranar da kika zo sayen daddawa, idonki ya faɗa kaina. Na miƙe. Kika dubi mutane, kika dubi tsohuwa, kika ce, "Wagga ɗiya ta rame." Na bi ki gida, kina gaba ina baya.

A fim ɗin, uwar ta zo da gudu tana ƙwala sunan 'yarta. Nan na ce su kashe. Ban riƙe ki ba, Inna, haka aka raine ki. Amma har muka rufe ki ban ji sunana a bakinki ba, kuma yau duk gidan nan Kaka ake ce mini.

Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu inda babu idon mutane.

Taki ta fari,
Zainabu. Haka sunan yake, Inna.