Na Sayi Gida da Rijiyar Unguwa a Cikinsa

Malama Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Taimakonki nake nema, ke da kike amsa wasiƙun masu neman shawara, kuma ina so ki sani sai da na yi kwana uku kafin hannuna ya yarda ya rubuta haka. Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa, goma sha ɗaya daga ciki ina shugabar makaranta. Ni aka saba kawo wa matsala. Ina ma kyautata zaton ke sa'ar waɗanda na koya wa riƙon fensir ce.

Tun da na fara aiki ban taɓa kwana a gidan da zan kira nawa ba. Gidan gwamnati ne daga wannan gari zuwa wancan, kuma da aka ƙirƙiro Jigawa aka dawo da mu daga Kano, gidan malamai aka ba ni a Birnin Kudu. Maigidana ya daɗe da rasuwa, Allah bai ba mu haihuwa ba. Da ritaya ta zo aka ba ni wa'adin tashi, sai ɗan ƙanena Kamaluddeen ya share mini ɗaki a gidansa. Mutumin kirki ne, matarsa ma haka. Na gode masa, na ce a'a. Matar da ta yi shekaru ana kaɗa ƙararrawa da izininta ba za ta iya zaman jiran a kira ta cin tuwo ba.

Na karɓi garatutina na hau bas zuwa Gwaram, garin kakannina na wajen uwa, ban gaya wa kowa ba. Wani Alhaji Maikuɗi ya nuna mini gidan da ya gada daga mahaifinsa. Na je da tef na awo da littafi. Na auna ɗakuna, na ƙwanƙwasa azara, na duba gara a gindin bango, na sa aka ɗebo ruwan rijiyar da ke tsakar gida na ɗanɗana. Ruwa garai, a unguwar da ake haƙa a tarar da dutse. Abin da ya fi ɗaukar hankalina kuwa shi ne shiru. Na tsaya kusan sa'a guda ban ji motsin kowa ba. Sai daga baya na fahimci cewa ranar kasuwa na je, da rana tsaka, an gama ɗiban ruwa tun hantsi, 'yan mata da tsofaffi duk sun tafi.

Akwai wata 'yar ƙofa a bangon baya, dab da rijiyar, ba ta da ƙyaure. Na gan ta sarai, na rubuta a littafina cewa a sa mata ƙyaure. Ban tambayi abin da ya sa dokin ƙofar ya lotsa kamar dutsen niƙa ba. Alhaji Maikuɗi ya ba da shawarar mu je gaban Mai Unguwa Dabo a ƙulla cinikin yadda aka saba, maƙwabta su zama shaidu. Na sanar da shi cewa ni takarda na sani, da ofishin filaye, da hatimi. Ya dube ni, ya ce to. Ranar da aka danƙa mini makulli na zauna a zaure na yi kuka, abin da ban yi ba ko a ranar da makaranta ta yi mini ban kwana.

Washegarin tarewata ina lazimi bayan asuba na ji ƙarar guga. Na leƙa, na tarar da mata tara a tsakar gidana, da tuluna da bokitai, ana hira ana dariya. Suka durƙusa suka gaishe ni, suka yi mini barka da zuwa, suka ci gaba da aikinsu. Babbarsu, wata dattijuwa mai suna A'i, ta bayyana mini cewa marigayi mai gidan ya haƙa rijiyar ne sadaka ga unguwa a shekarar wani fari, kuma tun daga lokacin da ruwanta aka wanke kowane jariri da kowace gawa a layin.

Na yi abin da na iya. Na rubuta jadawali da manyan baƙi na manna a bango: ƙarfe bakwai zuwa takwas, a bi layi, ban da surutu. A'i ta tsaya a gabansa ta daɗe tana kallo, ta yaba kyan rubutun, sannan ta tambaye ni ko addu'ar tsari ce. Mako biyu na jure. Ranar da akuyar wani ta biyo su ta cinye zogalen da na dasa, na kira kafinta ya sa ƙyaure, na sayo kwaɗo na garƙame.

Malama, na samu shirun da na zo nema. Wata biyu ke nan. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya yi mini rashin kunya. Matan suna tafiya rafi, nisan da ƙafata ba za ta kai ba, su dawo ta ƙofar gidana da tulu a ka, su gaishe ni da irin ladabin da ake yi wa baƙo a tasha. An yi suna a gidan da ke jikin nawa, ta katanga na ji, goro bai iso ni ba. An yi rasuwa, sai da aka dawo daga maƙabarta na sani. Na yi zazzaɓin kwana huɗu ba wanda ya leƙo, ga rijiya taku goma daga ɗakina, na kasa jan guga. Na riƙa kurɓar abin da ya rage a buta ina tuna yawan yaran da na kayar a jarrabawar darasin zamantakewa.

Mai Unguwa ya aiko sau biyu yana son ganina. Ban je ba, domin na san abin da zai faɗa. Kamaluddeen ya ji labari, ya zo ya ce in sayar in koma ɗakin nan, har yanzu a share yake. Idan na bi shi, na san ba zan sake zama a gidan kaina ba har in mutu. Idan na zauna, sai na cire kwaɗon a gaban matan da na kafa wa doka, ni da ban taɓa ba ko sufeton makarantu haƙuri ba. Takardata ta ce gida da duk abin da ke cikinsa nawa ne. In tsaya a kanta, ko in sayar? Kada ki tausasa mini magana, ni ma ban tausasa wa kowa ba.

Taki,
Tsohuwar Shugabar Makaranta, Gwaram

*

Hajiya,

Wa alaikumus salam. Tunda kin hana ni tausasawa, ga amsa: kada ki sayar. Gidan ba shi da aibu, ke ma laifinki bai kai na barin gari ba.

Kina da gaskiyarki. Alhaji Maikuɗi ya san tarihin rijiyar, wajibinsa ne ya faɗa miki a fili kafin ciniki. Kuma mace mai shekarunki ta cancanci ta yi laziminta ba a tsaye a kanta.

Su ma suna da tasu. Irin wannan sadaka ba a ajiye ta a ofishin filaye, a bakin mutane take, dalilin da ya sa ake ƙulla ciniki a gaban mai unguwa ke nan. Ki tambayi malamin da kika amince da shi. Ina zaton zai ce miki magaji ba ya sayar da abin da mahaifinsa ya riga ya bayar don Allah. Sannan ki lura da wani abu: sun fi ki yawa, sun riga ki zama a wurin, amma wata biyu suna tafiya rafi ba wadda ta taɓa kwaɗon nan. Mutanen da za a iya zama da su ne.

Ki amsa kiran Mai Unguwa cikin makon nan, ki nemi a kira Alhaji Maikuɗi da limamin unguwa. Tunda rijiyar tana dab da bangon baya, ki nemi a ja katanga ta raba ta da tsakar gida. 'Yar ƙofar ta zama tasu, ke kuma a fitar miki da taki ta ciki, makulli a hannunki. Taku kaɗan za ki rasa. Alhaji Maikuɗi ya ɗauki rabonsa na ginin, unguwa ta yi gayya. A rubuta abin da aka amince a kai, shaidu su sa hannu, domin wanda zai gaje ki.

Amma ginin katanga sai an yi makonni, zuwa rafi kuwa kullum ne. Ki cire kwaɗon gobe da safe. Kada ki aika kowa, kada ki rubuta takarda. Ki yafa mayafinki ki shiga gidan A'i, ki ce mata da farko ba ki sani ba, kuma bayan kin sani kin yi kuskure. Zai yi miki ɗaci a maƙogwaro, amma na rana ɗaya ne. Kamaluddeen kuma ki roƙe shi ya riƙa leƙo ki, domin jinyar kwana huɗu ba da sanin kowa ba ba abin wasa ba ce.

Allah Ya sanya albarka a gidan, Ya ba ki lafiyar daɗewa a cikinsa, Ya kai ladan ruwan ga wanda ya haƙa da wadda ta buɗe.

Ruƙayyatu