Inna, Na Hana Kawu Sunana

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiyarsa, ina fata kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Daga Manfuha nake rubuto miki, a nan Riyad, inda nake tuƙa motar kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, shekara ta huɗu ke nan.

Inna, an rage haƙar kwal a garinmu. Rami ɗaya ma an rufe shi ɗungurungum tun bara. Hauwa, autarki, ta turo min bidiyon rafin bayan gonarki. Ruwan ya fara washewa, har kwaɗi sun dawo. Ta ce yanzu a shanya farin zane, a kwashe shi fari. Na kalla ya fi sau goma a ƙofar makaranta, ina jiran a tashi 'ya'yan kafili.

Sai ga ƙaninki Kawu Bala ya kira ni jiya. Wai dattawa suna tara sunaye a roƙi kamfani ya dawo da haƙa kamar dā, kuma sabon ramin ta gonarki zai bi. Wai sunana zai yi nauyi tunda ina Saudiyya. Mutumin da ya ɗauki makararki a kafaɗa, wanda ya ji da kunnensa tarin da ya yi ajalinki, shi ne yake zagaye gari da takarda da biro.

Amma ba shi kaɗai nake ƙyama ba. Kin tuna lokacin da nake jan tifar kamfanin? Duk Juma'a sai na ɗebo miki kwal a buhu, ina hura hanci wai na hutar da ke neman itace. A wautata duk baƙin abu mai cin wuta gawayi ne. Kika riƙa hura shi a madafarki mai ƙofa ɗaya, hayaƙin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, har tuwo ya ɗauki warin. Kina goge hawaye da bakin zane kina cewa, "Abin da ɗana ya kawo ba ya wari." Shekara uku kina shaƙa, ni ko ina jin babu ɗa kamata.

Ranar da kika rasu ban samu bizar fita daga Saudiyya ba. A mota na yi kukana.

Nan in zafi ya tsananta, sai na sa tsumma kafin na kama sitiyari. A rediyo nake jin hayaƙin kwal yana cikin abin da ke ƙara wa duniya zafi, yana rikita damina. Kawu da bakinsa yake kukan ruwa ya daina zuwa a kan kari, amma ramin yake nema.

Na ce masa kada ya kuskura ya sa sunana, kuma gonar ba a raba gado ba, ni ban yarda a ba da ita ba. Ya ce na zama Balarabe, na manta samarin gari sun rasa aiki, ya kashe waya. Ban manta ba, Inna, abin yana damuna. Sai dai da hannuna na kai miki kwal har madafa, ba zan kuma sa hannu a kai raminsa gonarki ba. Hauwa ta ce bana za ta shuka yakuwarki a bakin rafin.

Allah Ya gafarta miki, Ya sanyaya makwancinki, Ya shaƙar da ke iskar Aljanna. Ni kuma, Inna, ki yafe min buhunan nan.

Ɗanki,
Tanimu