Ranar da Na Ɗaura Rediyon Oba-oba

Suleja,
12 ga Maris, 1994.

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Baba da ƙanwata Dije. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau nake. Har yanzu a rumfar gareji nake kwana, amma wurin akwai iska, kada ki damu.

Ranar Litinin maigidana Nehemiya ya gwada ni. Ya ce in ɗaura rediyon oba-oba, irin wadda direbobi ke magana da juna, a cikin a-kori-kurar wani ɗan kwangila. In na ɓata, in nemi wani garejin.

Na kafa eriya, na ja waya zuwa batir, na sa fis. Sai na danna maɓallin magana, na yi sallama, na tambayi gajiya da iyali, na jira a amsa. Shiru! Na ce, "Wayyo Inna, aiki ya ɓaci!" Ina sakin maɓallin in share gumi, sai dariya ta ɓarke a rediyon. Ashe sai mutum ya saki yake jin amsa. Direbobi daga Madalla har Tafa duk sun ji ni, yanzu Wayyo Inna suke kirana, kuma suna gaishe ki. Maigidana ya ba ni sauran motocin ɗan kwangilar guda shida in ɗaura musu rediyon.

Don Allah a aiko mini da kuka da daddawa. Allah ya ƙara muku lafiya. Wata uku ke nan ban ji daga gida ba. Na saki maɓallin, Inna, ina saurare.

Ɗanki,
Hudu.