Kafin a Cike Rijiyar Yaya Ɗanjuma

Zuwa ga Likita mai binciken raunin ƙwaƙwalwa a wajen masu aikin ƙarfi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne malamin lakwal ɗin nan, wato makarantar boko, na wani ƙauye kusa da Geceme, wanda ya kawo maka yayansa Ɗanjuma, mai haƙar rijiya, damina huɗu da suka wuce. Na aika maka wasiƙa biyu ban ji komai ba, shi ya sa na fito fili.

Na ɗaya. Yaya yana can ƙasan rijiya, gaba ashirin da biyu, ya riga ya cim ma ruwa, sai dutse ya suɓuce daga gugan da ake jan ƙasa da shi ya same shi a ka. Ka duba shi da kyau, wannan ba zan ci haƙƙinka ba. Ka ɗauki hoton kansa, ka sa shi ya maimaita kalmomi, ka rubuta. Yau ina ganin sunanka a waya, ana cewa likitocin ƙasashe suna karanta bincikenka, har ma'aikatan wasu wurare sun sami hular kwano ta dalilinsa. Wallahi na ji daɗi. Sai dai labarin ya je ko'ina ban da garin da aka ɗauko shi.

Na biyu. Tun ranar nan Yaya bai gama fitowa daga rijiyar ba. Da hantsi yakan tafi bakinta ya zauna, ya leƙa, ya daɗe. Sunayen 'ya'yansa suna ɓace masa, amma zai lissafo maka ƙasar da ya ratsa ɗaya bayan ɗaya: ja, marmara, yumɓu, sannan farin rairayi mai sanyi. Yakan ce daga can ƙasa sama ba ta fi faifai ba, tsuntsu ya gifta ta sau ɗaya ya wuce, kuma bai taɓa jin shiru mai daɗi irin na can ba. Wani lokaci ina zaune gefensa har in ji ni ma ina sauka a hankali, hayaniyar gari tana nisa. Nan kaɗai yake dariya.

Na uku, nan ne ƙorafina. Bayanin ciwonsa ni kaɗai ka yi wa, da Faransanci, cikin biro, wato ofishinka, ƙofa a rufe, don ni ne mai karatu. Ranka ya daɗe, a garinmu ƙane ba ya tashi gaban dattawa ya yi magana a kan hankalin wansa. Na gwada, baffanmu ya zaunar da ni da kallo ɗaya. Ga shi kuma ana min kallon yaran nan masu ƙaryata iskoki, ko gaskiya na faɗa wa'azi za a ɗauka. To, mutane suka yi nasu bayanin: doguwa ce a rijiyar, ta kama shi, ita ke kiransa kullum. Mata suka daina ɗiban ruwanta, suna tafiya mai nisa da tulu. Yanzu maigari da dattawa sun yanke cewa da an gama yankan hatsi za a cike ta da ƙasa. Ba na zagin su, tsoro suke ji, kuma ba wanda ya gaya musu wani abu daban.

Roƙona biyu ne. Ka zo da kanka kafin a ɗaure damman gero, ka zauna gaban maigari da hoton nan a hannu, ka faɗa da Hausa cewa dutse ne. Kai baƙo ne mai furfura, za a saurare ka. In zuwa ya gagara, ka turo muryarka a waya, ka ambaci sunansa da na ubansa, in kunna a ƙofar fada.

Shi bai san shawarar da aka yanke ba. Shekaranjiya ya ce in nemo masa igiya sabuwa, wai ruwa ya fara duhu, yana so ya yashe ta kafin rani. Na ce masa to. Ina jin tsoron safiyar da zai je ya tarar da fili.

Allah Ya ƙara wa iliminka albarka, Ya tsare kanka da na 'ya'yanka, Ya kawo ka garinmu a kan lokaci.

Wassalam.

Ƙanen Ɗanjuma mai rijiya.