Rigunan da Ba Su Taɓa Ƙetare Kogi Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗiya ga uwa, da fatan Allah Ya yalwata makwancinki, ina sanar da ke mun yi baƙo a unguwarmu ta Shisha, nan Makka, ranar Juma'a. Kin san shi. Alhaji Mamman ne, mai kula da tashar jiragen ruwa ta garinmu. Umra ya zo.

Hajiya Rabi, mai gidan da muke haya, ita ta kawo shi. A nan Makka aka haife ta, ba ta taɓa ganin kogin Kwara ba, amma ta riƙe al'ada: in babban mutum ya zo daga gida a tuƙa masa tuwo, in kuma akwai wata a ƙasa a yafi juna, don ƙasa mai tsarki ba ta son ƙulli a zuci. Tun Laraba take bina da Larabcinta, "halas, ya binti," wato shi ke nan, ɗiyata, "wanda ya tafi ya tafi." Kalma ɗaya ake so daga bakina, Inna. In ce na yafe.

Kin tuna rigunan nan masu ruwan lemo, na hana nitsewa? Ranar da aka kawo su har da lasifika da rumfuna. Aka ɗaura miki ɗaya a kan mayafi, kina dariya, kika ce kin koma kabewa. Aka kafa doka: ba jirgin da zai tashi sai kowa na sanye da riga.

Kuma a gaskiya ba a taɓa karya dokar ba. A bakin tasha kowa na sanye. Sai an sha kwanar tsibiri, inda ido ba ya kaiwa, kwalekwale ya tari jirgi, a tuɓe rigunan, a mayar wa fasinjojin jirgi na gaba. Rigunan sun san bakin gaɓa ciki da waje. Tsakiyar kogi kuwa, inda ake mutuwa, ba su taɓa ganinta ba.

Ranar kasuwa kika shiga da buhun shinkafarki. Aka zaunar da ku mata a tsakiya, ƙarƙashin rumfa, cikin kaya, kamar kullum. Jirgin ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa. Ƙanwata Ladi, da ta rako ki tasha, ta ce lokacin da ihu ya iso gaɓa, wata mata ce ke ɗaura rigar da aka cire miki.

Mijina Usman a tashar jiragen ruwa ta Jidda yake aiki, kin sani. Shi ya aika kwalin dabino da turaren da na haɗa miki. An buɗe kwalin nan, an auna shi, an haska shi da na'ura, an ɗaure shi yadda ba zai motsa ba ko teku ta yi hauka. Ya isa gida lafiya bayan addu'ar arba'in ɗinki. Dabino ya fi ki gata, Inna.

To, Alhaji ya zo. Na tuƙa tuwon, don ba ki koya mini hana baƙo abinci ba. Ya yi mini ta'aziyya da murya mai taushi, ya ce ƙaddara ta riga fata, kwana in ya ƙare ko a kan gado sai an tafi. Ina sauraro ina kallonsa. Lema a gefensa saboda rana. Takunkumi a haɓa saboda tari. Maganin hawan jini a aljihu, har ya nemi ruwa ya sha a kan lokaci. Ban taɓa ganin mai tawakkali da ya yi shiri haka ba. Ƙaddarar, ashe, ta masu shiga jirgin kasuwa ce.

Abu ɗaya na tambaye shi: ko kwalekwalen na nan yana jira a kwanar tsibiri? Ya dubi Hajiya Rabi, ya dubi kwanon miya. Ya ce ana kan duba lamarin.

Kwalekwalen yana nan ke nan. Ladi kuma ita ta gaji shinkafarki, kowace kasuwa sai ta ƙetare.

Ban faɗi kalmar ba, Inna. Na ce masa haƙƙina ni zan iya bari, amma ba zan yafe abin da za a sake yi ranar kasuwa mai zuwa ba. Ran da Ladi ta sauka a ɗaya gaɓar da riga a jikinta, ya aiko, zan je Harami da ƙafata in roƙa masa gafara. Hajiya Rabi ba ta amsa gaisuwata tun ranar.

Na san da kina nan da kin harare ni. Ke mai sanyi ce, Innata, ko kaza ba kya kora da ƙarfi. Ki yi haƙuri da ni a wannan karon.

Allah Ya karɓi shahadarki, Ya sanyaya kabarinki. Allah Ya tsare Ladi a kan ruwa. Waɗanda aka ba amanar kogi kuma, Allah Ya hana su sukuni har sai sun riƙe ta.

Taki har abada,
Asma'u
Shisha, Makka