Baba Ya Ce Ƙashinsa Ba Zai Riƙe Noti Ba

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Mahaifinmu kafinta ne, irin na da. Ƙofar ɗakinmu shi ya yi ta tun ba a haife ni ba, har yau ko ƙara ba ta yi. Mutum ne da za ka kawo masa kujera gyara, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa, ya kasa kunne, ya ce ɗauki abarka, gara ta cinye cikinta, shi ba ya ɗaura noti a ruɓaɓɓen katako. Wallahi ina alfahari da shi, amma wannan halin ne yake neman kwantar mana da shi.

Bara ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu. Aka yi masa aiki, aka sa ƙarfe aka ɗaure da noti. Ba a jima ba ciwo ya dawo, hoto ya nuna notin ya saki, wai tsufa ya sa cikin ƙashin ya zama kamar soso. Likitarsa kuwa, wadda ta yi masa aikin farko, ban taɓa ganin mai haƙuri irinta ba. Kujera ta jawo har bakin gadonsa, ta zana masa a takarda: wani noti ne mai rami a tsakiya, ta nan ake tura siminti na musamman, ya bazu cikin ƙashin, ya daskare, ya kama notin gam.

Baba ya saurara tsaf, ya yi ta sa mata albarka. Muna shiga mota ya ce ba da shi ba. Wai yarinyar ta iya aikinta, shi ya sa ba zai bari ta ɓata hannunta sau biyu a kan mataccen katako ba. Kin ji fa! Ga shi kwance, ƙafafunsa sai ramewa suke, mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi fita. Yayana ya ce mu ce masa hoto kawai za a sake, in an shiga da shi ɗakin tiyata shi ke nan. Zuciyata ta ƙi, amma ina tsoron kada ya ƙare rayuwarsa a kan katifa. Yaya zan yi?

'Yar Kafinta

'Yar uwa, wasiƙarki ta sa na ji ina son mahaifinku ban gan shi ba, likitar ma ta burge ni. Amma maganar yayanki a ajiye ta. Asibitin kirki ba zai yi wa mai hankalinsa aiki ba sai da yardarsa, kuma ranar da Baba ya farka ya gane, kun rasa amincewarsa ke nan, alhali jinyar da ke gaba sai da haɗin kansa.

Tsoronsa ba shirme ba ne. Noti ya taɓa saki a jikinsa, sake aiki ga dattijo ba wasa ba ne, simintin ma yana da nasa haɗarin. Inda ya kuskure shi ne, katako ya mutu, ƙashi kuwa da ransa, yana ɗinkewa, akwai kuma magungunan ƙarfafa shi. Dogon kwanciya ma cuta ce mai zaman kanta.

Mutum irinsa da hannu yake fahimta. Ki roƙi likitar ta ba shi irin notin ya riƙe, ya juya, ya leƙa ramin. Ta faɗa masa ba ɓoye-ɓoye abin da take sa rai da abin da take tsoro, da abin da zai faru in an bar shi haka. Ta kuma gaya masa da bakinta cewa ta ga ƙashin da idonta, kuma ta yarda ta sa hannunta. Ku 'ya'ya ku yi shiru, ku bar gwanaye biyu su yi maganarsu.

In ya amince, alhamdu lillahi. In ya gani ya ji kuma ya ce a'a, ƙafarsa ce, kada ku hukunta shi da fushi, ku riƙe shi hannu bibbiyu. Allah ya tashi kafaɗunsa, ke kuma ya ba ki masu yi miki yadda kike yi masa.