Ba a Yi Maka Wanka Ba

Ƙanena Sadiq,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba, amma ba ni da wanda zan yi wa maganar sai kai.

Ka tuna da aka janye ka daga fagen daga, aka ce ka koma koyar da sababbin matuƙa jirgin yaƙi? Hajiya, mahaifiyarmu, ta soya waina ta raba wa maƙwabta a unguwarta Sparkhill da ke Birmingham, ta ce Allah ya karɓi addu'arta. Ni ma na daina buɗe labarai gabana na faɗuwa. Sai ga shi a can wajen koyarwar jirginka ya faɗi cikin gonar dawa, kai da ɗalibinka Bitrus, ba tare da kowa ya harbe ku ba.

Sanarwar da sojoji suka fitar gajera ce. Na yi aikin jarida, na san abin da ake cirewa daga irinta.

Ba mu samu jana'izarka ba. An rufe ka tun muna neman tikiti. A nan Manchester muka karɓi gaisuwa, Hajiya na zaune a falona ba ta kuka. Tambayarta ɗaya ce: an yi maka wanka? Ka san ta daɗe tana wanke gawar mata a Birmingham, ta san hukuncin. Wanda ya faɗi a fagen fama da kayansa ake binne shi. Kai a atisaye ka rasu, wanka da likkafani haƙƙinka ne.

Kawu Sani ya tsaya a kabarinka, shi ya faɗa mini. Ba a buɗe akwatin ba, Sadiq. Wuta ba ta bar abin da za a wanke ba. Waɗanda suka tattara ku ma ba su iya rabe ku sarai ba. An sallaci akwati ɗaya, an kai ɗayan coci.

Kawu ya ce in ce mata an yi komai. Ta yaya zan yi wa mai wankan gawa ƙarya a kan gawar ɗanta? Ai da sai ta tambaye ni wa ya zuba ruwan.

Ranar Asabar, bayan ta koma Birmingham, na hau jirgin ƙasa na je na faɗa mata, ban rage komai ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Ba ta ci abinci ba ranar. Da la'asar ta ce in samo mata lambar mahaifiyar Bitrus, tana so ta ji inda aka binne yaron, tunda nata na can, nasu kuma na wajenmu.

Jiya suka yi waya. Da Hausa suka yi magana. Na fito na ja musu ƙofa.

Ban taɓa ce maka ina alfahari da kai ba, kullum faɗa nake ka bar aikin. Na faɗa yanzu.

Allah ya haskaka maka duk inda kake kwance.

Yayarka,
Asma'u
Whalley Range, Manchester